Ranar da Aka Zo Ta'aziyyar Ma'u

Da kakarin kaza aka fara. Ina tsugune a bakin famfo ina wanke kwanonin karin kumallo sai na jiyo shi daga bayan gida, wani ɗan sauti kamar yaro ya ƙware da ruwa, ya tsaya, ya sake dawowa. Na ɗauka tsakuwa ce ta maƙale wa ɗaya daga cikin kajina. Na goge hannu a zani na leƙa akurki, na tarar da kazar nan wake-wake da ta fi kowa ƙwai tana tsaye a lungu, kanta ya kumbura, idonta a rufe. Kafin azahar ta mutu. Kafin magaribar washegari sauran duk sun bi ta, na haƙa rami a gindin gwaiba na binne su ina ta jimamin asarar ƙwai. Ban san abin da ya shigo garin ba, ban kuma san ba a kan kaji zai tsaya ba.

Ku 'ya'yana kun taso kuna jin ana cewa an kori Babanku daga kamfanin motoci ne saboda ya ci kuɗin asibiti. Nura har fasa wa wani yaro baki ya yi a makaranta kan maganar nan. Shi Babanku bai taɓa wanke kansa ba, kuma ya hana ni in wanke shi. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa da rahama, ni ma idona ya fara gajiya da takarda. Jikokina kuma sun dame ni da tambayar dalilin da ya sa ake kiran gwaggonsu Asma'u da Indo, alhali kowa ya san Indo ta A'isha ce. Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, kuma ita zan rubuta muku, don kada in tafi da ita.

Kamfanin da Babanku yake wa aiki, ba zan ambaci sunansa ba, aikinsa ɗaukar ƙwai da kaji da abincin kaji ne daga gonakin Jos zuwa Kano da Abuja, wani lokaci har Legas. Garejinsu na kusa da Tina Junction. A nan ya fara a matsayin akawu mai rubuta takardar kaya, yana tafiya a ƙafa daga gidan hayarmu na unguwar Congo-Russia, har Allah ya ɗaga shi ya zama manajan sufuri, duk direbobi na ƙarƙashinsa. Da wannan muƙamin aka ba shi gidan kamfani a Rayfield. Shekararmu ɗaya da tarewa lokacin da kajina suka mutu, amma ban saba ba. Unguwa ce da ba mai miƙo maka kwanon tuwo ta kan katanga, ba ka jin komai sai haushin karnuka da ƙarar rufe get. Don haka ma na sa aka yi mini akurki. Babanku yakan tsaya da jakarsa a hannu ya yi dariya.

"Maman Nura, ke dai sai da kika ɗauko Congo-Russia kika kawo mana Rayfield."

A Congo-Russia katanga ɗaya muka haɗa da gidan Haladu, direban motar ƙwai ta hanyar Kano. Dogon mutum ne mai ba'a, yana alfahari da cewa shekara goma sha huɗu yana tuƙi bai taɓa kai kiret da fasasshen ƙwai ba. In an tambaye shi sirrin sai ya ce hira yake musu a hanya. Matarsa Laure ƙawata ce, ko in ce 'yar'uwa, don wata ɗaya muka haihu, tukunya ɗaya aka dafa mana ruwan wankan jego. Ni na haifi Asma'u, Ma'unku, ita ta haifi A'isha, ana ce mata Indo. Tare suka yi rarrafe, tare aka yaye su. Bambancinsu ɗaya: Ma'u ko ciwon kai ba ta cika yi ba, Indo kuwa an haife ta da sikila. In sanyi ya shiga ƙashinta takan kwana uku tana murƙususu, idonta ya yi rawaya.

Abin da ya riƙe Haladu a kamfanin nan duk shekarun nan ba albashi ba ne, kati ne. Kamfanin na da katin asibiti iri biyu. Direbobi da kanikawa suna da kore, wanda ake karɓa a wani ƙaramin asibiti kusa da gareji. Manyan ma'aikata suna da shuɗi, na wani babban asibitin kuɗi a ɓangarenmu na Rayfield. A bayan kowane kati an buga sunan mata da 'ya'ya da shekarunsu, ba hoto. Ka nuna kati a duba ka, a ba ka magani, kamfani ya biya. Da koren katin nan aka raini Indo har ta kai shekara takwas. Laure a cikin leda take naɗe shi ta sa a ƙasan kwalla, tare da takardar aurenta.

Kwana kaɗan bayan mutuwar kajina rediyo ta fara faɗin sunan abin: murar tsuntsaye. Aka ce ta zagaya ƙasashe, aka ce tana iya kama mutum. Muka fara ganin mutane cikin fararen kaya har fuska suna shiga gonaki da feshi, ana tona manyan ramuka ana ƙone kaji, warin gashin tsuntsu ya cika wasu unguwannin. Mai shayi ya daina soya ƙwai. A kan iyakokin jihohi ana tare motar kaji a juyo da ita. Ranar da na bi ta gaban gareji na ga motocin a jere kamar an yi musu sahu, direbobi na zaune a ƙarƙashinsu suna dara da murafen kwalba. Wata biyu ba mota ɗaya da ta fita da cikakken lodi.

Ni ce mai zazzage aljihun Babanku kafin wanki. A nan na ga takardun biyu, a ninke tare. Kun san na gama sakandare, Turancin ofis ba ya gagarata. Ta farko ga direbobi da kanikawa take: an mayar da su rabin albashi, an tsayar da kuɗin hanya, an dakatar da koren kati har sai yadda hali ya yi, an kuma soke gudummawar da ake bai wa ma'aikaci in an yi masa rasuwa, wato likkafani da buhun shinkafa. A ƙasa ga sa hannun Babanku, mai lanƙwasar nan da na sani kamar tafin hannuna. Ta biyu gare shi take, daga Ciyaman, mai kamfanin. Ana yaba masa riƙon amana a lokacin tsanani, an ƙara masa albashi, za a kuma ba shi sabuwar mota, shi da sauran manya uku, wai don kada wasu kamfanoni su janye su a lokacin da aka fi buƙatarsu. Na zauna a kan bokiti na karanta sau biyu. Da ya dawo na bari ya ci abinci tukuna.

"Baban Nura, wannan ta farkon, hannunka ne a ƙasa?"

"Wa ya ce ki karanta mini takardu?"

"A aljihu ka bar su. Da na jiƙa su da sabulu."

"In ban sa ba wani zai sa. Ciyaman ya ce ko a rage ko a rufe. In aka rufe fa? Ba rabi ba kwata, kowa ya kama gabansa."

"Na ji. To ita wannan ta biyun, ita ma don kada a rufe ne?"

Ya wanke hannu ya fita masallaci tun ba a kira ba. Ina so ku sani ba mugu ba ne. Tun daga ranar abinci ya daina shiga masa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Amma bai mayar da takardar ba. Motar ta zo, ruwan toka, kujerunta da leda a jiki, ku kuna ta tsalle a kai. Ni ma kada in yi muku ƙarya, na shige ta na je biki, na ga yadda mata ke kallona ina fitowa, kuma na ji daɗi. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Haladu ya zo ganin mota, kamar yadda ake yi. Ya zagaya ta, ya shafa gefenta da hannun riga. Ina jin su ta taga.

"Manaja, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Kai, wannan ko ƙwai aka ɗora a kanta har Kano ba zai motsa ba."

"Haladu, ka yi haƙuri da abin nan. Na ɗan lokaci ne, wallahi."

"Haba oga, ni ai ba komai. An ce rabi, mun koma rabin tuwo, yaran ma sun fi gudu yanzu. Katin ne dai. Ciwon yarinyar nan ba ya jin Turanci, ban san yadda zan karanta masa takardarku ba."

Ya yi dariya, Babanku ma ya yi irin wadda ba ta wuce leɓe.

Damina ta sauka da sanyinta. Wata ranar Litinin da hantsi Laure ta zo a kan acaɓa, hijabinta sharkaf. Kwana uku ke nan Indo na kwance. Sun je ƙaramin asibitin, wanda ya san yarinyar tun tana goye, aka ce kamfani ya rubuto a daina karɓar kati. Sun je na gwamnati, sun wuni a layi, aka rubuta musu magani da gwaji su saya. Keken ɗinkinta tuni ta sayar. Maƙwabta kuma sun ɗauke ƙafa, ana raɗe-raɗin ciwon kaji ne uban ya kwaso a mota, har mai kawo musu ruwa ya daina shiga. Na kwashe kuɗin cefane na ba ta. Da Babanku ya dawo na faɗa masa, na kuma faɗi abin da ke raina, cewa Ma'u da Indo shekarunsu ɗaya, katinmu ba hoto, kuma ba a taɓa kai Ma'u babban asibitin ba balle a san fuskarta.

"Kada ki ƙara wannan maganar," ya ce. "Ƙarya ce kuma cin amana ne. Ni da na sa hannu a hana, ni kuma zan zagaya ta baya? Direba nawa ne ke da mara lafiya a gida? Ga wannan ki aika musu, in wata ya yi zan ƙara."

Na aika. Kuɗin suka sayi maganin kashe zafi da ƙarin ruwa leda biyu. Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ina da sarƙar gwal da 'yan kunne, na aurena, a cikin akwati. Da ranar Litinin ɗin nan na kai su kasuwa, da an kwantar da Indo da sunanta a duk asibitin da muke so, da ba a kai ga maganar kati ba. Na tuna da su. Na buɗe akwatin ma. Sai na ce a raina ai ta saba, kullum in ta kwanta tana tashi. Na rufe. Talata ta wuce ina sallah ina roƙa mata sauƙi, sarƙata na kwance a inda take.

Ranar Laraba da safe, bayan kun tafi makaranta, na ce bari in je dubiya. Na sa shuɗin katin a jaka. Na daɗe ina gaya wa kaina ban san dalilin da ya sa na ɗauka ba, amma na sani. Da na shiga ɗakin Laure na ga yarinyar, na durƙusa kusa da ita. Tafin hannunta fari fat kamar an wanke shi da toka, leɓenta ya bushe, numfashinta gajere-gajere, ta daina ma kuka. Haladu ya fita neman wanda zai ranta masa. Babu sauran lokacin zuwa kasuwar gwal. Na ce wa Laure ta goya ta, na tsayar da tasi na ɗauki shata. A cikin motar na ɗora kanta a cinyata.

"Indo, kina jina? Inda za mu je, in an ce Asma'u, ki ce na'am. In an ce ina mamanki, ki nuna ni."

Ta buɗe ido da ƙyar. "Umman Ma'u, malaminmu ya ce ƙarya zunubi ce."

"Zunubin nawa ne, 'yata, ba naki ba. Ke dai ki amsa."

Ban taɓa ganin ƙofa ta buɗe da sauri kamar yadda katin nan ya buɗe ta ba. Ba layi, ba a ce kawo ko sisi ba. Aka turo gado mai taya. Wata nas, 'yar ƙabilun ƙasar Jos ce mai kirki, Hausarta irin ta kasuwa, ta karɓi katin ta duba baya.

"Asma'u ko? Wane ne maman shi?"

"Ni ce."

"Wannan fa?"

Kafin in buɗe baki Laure ta riga ni. "Maƙwabciya ce," ta ce.

"To maƙwabciya zai jira a benci. Ɗakin nan mama kawai."

Wannan ne abin da ban lissafa ba. Na yi tunanin suna, na yi tunanin shekaru, ban yi tunanin ƙofa ba. Laure ta kwance ɗankwalin da ta ɗaure wa yarinyar ƙafa da shi saboda sanyi, ta gyara shi, ta koma ta zauna a benci ta haɗa hannuwa a cinya. Aka rufe tsakaninmu.

Likitan matashi ne. Ya ja fatar idon yarinyar ya duba, ya juyo kaina ransa a ɓace.

"Hajiya, kina da kati irin wannan a hannu kika bar yarinya ta kai haka? Kwana nawa tana kwance? Me kike jira?"

Na sunkuyar da kai. Bai san komai ba, amma duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai ya shiga tambaya: sau nawa aka taɓa ƙara mata jini, yaushe ne na ƙarshe, wane magani take sha kullum, akwai wanda jikinta ba ya so. Ban sani ba. Na ce kaina ya ɗaure, bari in sha iska. Na fita na durƙusa gaban Laure kamar mai gyara takalmi, ta raɗa mini amsa, na koma na faɗa. Sau uku ina wannan zirga-zirgar. A na ukun likitan ya bi ni da kallon da ake yi wa uwar da ba ta san 'yarta ba. Aka ɗebi jininta, aka nemo wanda ya dace, aka rataya leda. Na zauna ina kallon yadda yake ɗiga, ina jan carbi a ƙarƙashin hijabi.

Wajen azahar ta farfaɗo kaɗan. Ta juya kai tana dube-dube.

"Inna," ta ce. Haka take kiran Laure.

Nas ɗin ta shafa mata goshi. "Ga maman ki nan, Asma'u. Yana kusa da ke."

Yarinyar ta dube ni. Na ga lokacin da ta tuna. Ta ce, "Na'am," a hankali, ba ta sake kira ba. 'Yar shekara takwas ta riƙe mini alƙawari har ƙarshe. Zuciyata ta ce in tashi in buɗe ƙofar nan in ƙwala wa Laure kira, kowa ya ji. Tsoro ya ce in na yi haka za su zare jinin. Yanzu na san ba za su zare ba, ba wanda zai yi haka, amma a lokacin ban sani ba. Na zauna. Ledar ba ta kai rabi ba numfashinta ya canza. Suka yi ta ƙoƙarinsu. Ni na riƙe hannunta, ni na yi mata kalmar shahada a kunne, uwarta na zaune taku goma daga wurin, bango ɗaya tsakani.

Da na fito Laure ta dubi fuskata, ba ta tambayi ko ta cika ba.

"Ta kira ni?"

"Ta kira ki."

"Kika ce mata me?"

Har yau ban ba ta amsa ba.

Aka ba mu gawa da takardar shaidar rasuwa. Sunan da ke jiki Asma'u ne, da sunan Babanku a gaba. Tana nan a ƙasan akwatina, in na mutu za ku gan ta, kada ku firgita. Na aika aka kira Babanku daga ofis, a tsakar gidan Haladu na gaya masa abin da na yi. Ya tuɓe agogo ya sa a aljihu, ya shiga cikin masu ɗaukar makara. Bayan la'asar aka kai ta. Da aka dawo Haladu ya kama hannunsa da hannu biyu ya ce, "Manaja, mun gode, kun yi iya ƙoƙarinku." Babanku ya gaya mini daga baya da mari ya yi masa da ya fi sauƙi.

Bai koma ofis ba. Ya aika cewa an yi mana rasuwa, bai ce ta wa ba. Ya ce mini ranar Litinin zai je asibitin ya biya da kuɗinsa, ya sa a gyara suna. Abin da ba mu sani ba, asibitin na da ƙa'ida: in mai shuɗin kati ya rasu, washegari suke aika wa kamfani. Shi kuma kamfanin gudummawar rasuwa ta ƙananan ma'aikata kawai ya soke, ta manya tana nan daram.

Ranar Asabar da safe ina shirin tafiya gidan Laure, na soya 'yar masa zan kai, sai na ji motoci a get. Ciyaman ne da kansa, cikin farar babbar riga, da Oga Tunde mai kula da ma'aikata, Bayerabe ne da aka haifa a Jos, da wasu biyu. A bayansu ga a-kori-kura ana sauke buhunan shinkafa biyu da jarkar mai da katon ɗin lemo. Suka zauna a falo, aka ɗaga hannu aka yi addu'a. Ina bayan labule ina jin Ciyaman na cewa Allah ya sa mai ceto ce, ya ajiye ambulan a kan tebur, yana mamakin yadda ba a sanar da su sun samu jana'iza ba. Babanku na zaune kamar an dasa shi. Ni kuma na manta na riga na ce wa Ma'u duk baƙon da ya zo ta kai masa ruwa. Sai ga ta da tire, ta durƙusa ta gaishe su.

"Allah sarki," in ji Ciyaman. "Ke ce ƙanwar marigayiyar? Yaya sunanki, 'yan mata?"

"Asma'u."

Oga Tunde ya zaro takarda daga aljihu ya duba, ya dubi yarinyar. Na kama labule zan fito, sai na ji muryar Babanku, a natse, irin wadda ban ji ba tun watanni.

"Ranka ya daɗe, 'yata ga ta nan da ranta. Wadda ta rasu 'yar Haladu direba ce. Ni na ba da katin."

"Wane Haladu?"

"Na motar Kano. Shekararsa goma sha huɗu yana maka tuƙi."

Ciyaman ya miƙa hannu ya ɗauke ambulan ɗin, ya ce za a yi magana a ofis. Ya ce wa yaransa su mayar da kaya mota. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ni da ko gaisuwa daga bayan labule nake yi.

"Alhaji, rasuwar gaskiya ce fa. Gidan na Congo-Russia, ba nisa. Shinkafar ta can ce."

Ina ji ana jan buhunan a kan siminti. Oga Tunde ne kawai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Madam, yi haƙuri," kuma na ji washegari ya je gidan Haladu shi kaɗai, da ƙafarsa, ya zauna a tabarma.

Cikin mako guda takarda ta zo. Aka karɓi mota, aka ba mu wata ɗaya mu bar gida. Haladu ma aka sallame shi, wai da haɗin bakinsa, shi da bai ma san an je asibitin ba sai da aka kawo masa gawa. Maganar ta zaga gari ta koma cewa manaja na sayar da katin asibiti. Muka dawo Congo-Russia, ɗaki biyu, Babanku ya koma rubuta tikiti a tasha har ƙarfinsa ya ƙare. Sarƙar gwal ɗin da na hana Indo, ita muka sayar muka biya haya. Shekara na zagayowa annoba ta lafa, mutane suka koma cin ƙwai, motocin suka hau hanya, manya suka ci gaba da hawan nasu. Koren kati dai ba a sake dawo da shi ba. Laure ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Ta ci gaba da aiko mini da tuwo in ta tuƙa, amma har ta bar duniya ba ta ƙara kallon tsakiyar idona ba.

Sau da yawa na roƙi Babanku ya bar ni in faɗa wa mutane ni ce na ɗauki katin, bai sani ba, ya ma hana. Amsarsa ɗaya ce kullum.

"Bar su, Maman Nura. Hannuna ne a takardar farko. Abin da suke zargina da shi bai kai abin da na yi ba."

To kun ji. Babanku bai ci kuɗin kowa ba. Ya sa hannu a inda bai kamata ba, ya karɓi abin da bai kamata ba, sannan ya ɗauki laifina ya ɗora a kansa ya tafi da shi kabari. Ni kuma na yi ƙarya, kuma ban san wanne ya fi nauyi a wurin Allah ba, ƙaryar ranar Laraba ko jinkirin Litinin da Talata. Ku roƙa mana gafara mu biyu.

Saura maganar suna. Tun daga shekarar nan Ma'u ta daina amsawa in ba a ce Indo ba, har malamanta suka gaji suka bi ta, har mijinta ma haka ya same ta. Ba mu muka sa mata ba. Ranar da muke ɗaure kaya za mu bar Rayfield, na bar akwati a buɗe na je sauke tukunya. Da na dawo na tarar da ita zaune a ƙasa da takardar asibitin a hannu. Tana aji uku a lokacin, ta iya karanta sunanta, ta kuma san ƙawarta ba ta nan. Na tsaya a ƙofa. Ta bi layin da yatsa har ƙarshe, ta ɗago ta dube ni, ba kuka a idonta.

"Umma, tunda ta tafi da sunana, ni sai in riƙe mata nata, kada Innarta ta rasa wanda za ta kira."